Jaririn da Aka Yi wa Baftisma Kafin a Haife Shi

Ranar sunan ɗan Kabiru, a wani gida can wajen Summerfield, ina zaune da farantin shinkafa a cinya sai uban jaririn ya zo ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, har yanzu kuna wannan aikin na family tree?"

Na ce ina yi.

"Ai yanzu app ne, Baba. Mutum ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika, sati shida a turo masa har kakan kakansa."

Abokansa suka yi dariya. Ni ma na taya su, don naman ragon ya yi taushi, ban ga dalilin ɓata shi da gardama ba. Amma tun a mota na ƙudura zan rubuta muku yadda sana'ar nan take, ku masu app, kafin idona ya ƙarasa gajiya.

Sunana Isuhu. Sana'ata bin salsala: mutum ya zo ya ce yana son sanin iyayen kakanninsa da garin da suka fito, ni kuma in bi takardu in nemo masa su. Yawancin masu zuwa wurina Turawan Greensboro ne, kuma a cikinsu waɗanda asalinsu Ireland ne sun fi kowa naci.

A wani ƙauye gabas da Damagaram aka haife ni. Aikina na farko bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, shi ne magatakarda a ofishin da ake yi wa mutane takardar haihuwa. Uba zai zo da yaro, a tambaye shi yaushe aka haife shi, ya ce shekarar da rijiyar kasuwa ta rufta. Sai mu sa yaron ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren. In ya kamo, ya kai bakwai. In bai kamo ba, shida. Mu rubuta kalmomi biyu na Faransanci, né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, mu buga hatimi. Da hannun nan nawa na raba wa mutane shekaru masu yawa, kuma har yau wasunsu na yawo da su a fasfo. Tawa takardar ma haka aka yi ta. Da na shigo Amurka, kwamfutarsu ta ce ba ta san wajajen ba, sai an ba ta rana da wata. Aka ba ta ɗaya ga Janairu. Shi ya sa in kun je masallacinmu ranar sabuwar shekara, rabin sahun gaba ranar haihuwarsu ce.

Daga can na yi Abidjan, na yi tafinta a tashar jiragen ruwa. Na yi Jidda ina rubuta wa alhazai wasiƙu. Na yi Marseille, na yi Bronx, sannan na gangaro nan na kama tuƙin tasi. Ko'ina na je na tarar mutane iri biyu ne: masu ajiye kakanninsu a baki da masu ajiye su a takarda. Mu na baki ne. Tsohuwa ɗaya a ƙauyenmu za ta jero maka wane ɗan wane har bakwai tana tsinke zogale. Bature kuwa da ƙyar yake sanin sunan uwar kakarsa, amma yana da tabbacin an rubuta a wani wuri.

A tasi na gamu da Mis Ruth, wadda ta koya mini aikin. Tsohuwa ce siririya, ta daina tuƙi saboda ido, sai ta riƙa ɗaukata in kai ta tsofaffin maƙabartu na bayan gari. In tsaya a bakin shinge, ita kuma ta shiga da buroshi da bokitin ruwa tana wanke duwatsun kaburbura tana kwafe abin da ke jiki. Wata rana ta shigo mota da wata tsohuwar wasiƙa tana ta juya ta. Na leƙa ta madubi na ga Faransanci ne. Na ce ta kawo. Na karanta mata tun daga gaisuwa har sa hannu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mista Isuhu, me kake yi ranar Talata?"

Shekara shida ina bin ta. Kayan aikin ba su da yawa, kuma yawancinsu suna nan a teburina. Akwai fensir, don ba a shiga ɗakin tsofaffin takardu da biro. Akwai gilashin ƙara girman rubutu. Akwai wata 'yar leda ruwan ɗorawa da ake shimfiɗawa a kan rubutun da ya koɗe, sai ka ga tawada ta taso. Akwai katuna, mutum ɗaya kati ɗaya, a jere cikin kwalayen takalmi. Sai injin maikrofim na laburare, wanda kake murɗa hannunsa shafuka na wucewa a gilashi har kanka ya fara juyawa kamar ka hau kwalekwale. Littattafan coci na Ireland da Latin aka rubuta yawancinsu. Ban taɓa karanta Latin a aji ba, amma mai Faransanci ba ya ɓacewa a ciki, kuma wanda ya saba da rubutun malaman zaure ba rubutun wani fadan coci da zai tsorata shi.

Dokokin Mis Ruth uku ne. Ka fara daga mai rai ka koma baya, kada ka fara daga wani mashahuri ka gangaro. Ka fara zama da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan kafin ka buɗe littafi ko ɗaya. Kada kuma ka yarda da magana sai ka same ta a takardu uku waɗanda ba su kwafi juna ba.

Ta ukun ce na karya a aikin farko da ta sake mini ni kaɗai. Wani mai sayar da inshora ne a Sedgefield. Na je kabarin kakan babansa na kwafi ranar haihuwa daga dutse, na duba littattafan Ireland, na sami mai suna iri ɗaya da rana iri ɗaya. Na ce shi ke nan. Na bi wannan layin har hawa huɗu, na zana musu a babbar takarda. Suka sa a firam, suka yi liyafa, har da hoton wani tsohon gidan dutse da suka ce nasu ne. Bayan wata biyar wata 'yar'uwarsu daga Ohio ta aiko da wasiƙun gidan, sai ga shi mutumin da na ba su bai taɓa barin Ireland ba. Can ya tsufa, can ya mutu, bai ko yi aure ba.

Mis Ruth ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Wa ya faɗa wa mai sassaƙa dutsen ranar?"

Na ce 'ya'yan mamacin.

"Su wa ya faɗa musu?"

Na ce shi mamacin da kansa. Ta ce in je da kaina in gaya wa mai inshorar, ita tana da ciwon gwiwa. Na je. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi firam ɗin da ke bango, ya ce, "Amma fa mun riga mun saba da waɗannan." Ina jin har yau suna rataye a falonsa.

Muguwar shekarar sana'ar ita ce wadda tallan kwalbar yawu ya cika talabijin. Wayata ta yi tsit. A shekarar ce kuma Mis Ruth ta rasu, 'yarta ta kawo mini kwalayen katunanta a bayan mota ta ce in ba na so za ta kai bola. Na jera su a gareji na koma tasi. Sai da aka shekara sannan mutane suka fara dawowa, kowa riƙe da sakamakonsa. An gaya masa kashi kaza na jininsa na Ireland ne, abin da kakarsa ta sha faɗa masa kyauta. An kuma ba shi jerin 'yan'uwa na nesa da bai san ta ina suka haɗu ba. Yawu yana faɗa maka kuna da dangantaka da wani. Ba ya faɗa maka sunan ƙauye, balle ƙofar gida.

Ƙofar gida kuwa ita Madam Peggy take nema.

Bazarar da ta kira ni tana da shekara tamanin da ɗaya. Gidanta na Irving Park, irin gidajen nan da sai ka yi tafiya daga titi kafin ka kai ƙofa. Ta zaunar da ni a falo kusa da wani fiyano da aka cika samansa da hotuna, ta kawo shayi, ta faɗi buƙatarta ba kwana-kwana. Likitan zuciyarta ya yarda ta yi doguwar tafiyar jirgi sau ɗaya, daga ita ba ƙari. Za ta tafi Ireland a watan Yuni da 'ya'ya da jikoki, su goma sha ɗaya. Tana so ta tsaya a ƙofar gidan da kakanta Michael Hanlon ya fito ya taho Amurka. Saura mako bakwai.

Na ce to ai sai a fara nema.

Ta ce an riga an nemo. Mijin 'yarta, Greg, ya samo shi a kwamfuta cikin dare biyu: Michael Hanlon, ranar haihuwa daidai da ta jikin dutsen kabari, a wani ƙauyen masunta a yankin Cork. Har an kama otal mai kallon teku.

"To me ya rage, Madam?"

Ta ajiye kofinta. "Ina 'yar shekara takwas kakana ya rasu. Abu ɗaya nake tunawa yana faɗa. Ya ce bai taɓa ganin teku ba sai ranar da ya je shiga jirgi, kuma da ya gan shi ya so ya koma gida. Ɗan masunta zai faɗi haka?"

Na ce ba zai faɗa ba.

Ku fahimci wahalar Ireland. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wuta ta cinye babban ɗakin ajiye takardunsu a Dublin, ƙidayar mutane ta zamanin da duk ta tafi. Sannan mutanen nan sunaye kaɗan suke juyawa. Neman Michael Hanlon a can kamar ka sauka tashar Maraɗi ne ka ce kana neman Sani ɗan Abdu. Kowa zai nuna maka nasa.

Amma wannan juya sunayen shi ne kuma tsanin. Wuni uku na yi da Madam Peggy ban taɓa kwamfuta ba. Ta fito da wani gwangwanin biskit cike da 'yan katunan da Katolika ke rabawa wurin jana'iza, kowanne da sunan mamaci. Muka shimfiɗa su a tebur, na ce ta jera mini 'ya'yan Michael daga babba zuwa ƙarami. Na fari John, shi ne mahaifinta. Ta nuna mini hotonsa a kan fiyano, yana yaro cikin farin kwat da kyandir a hannu, ranar wani bikinsu na coci. Sai Thomas. Sai Ellen. Sai Honora, wadda suke kira Anti Nora.

Mutanen Ireland na da suna da tsarin raɗa suna, kuma sun fi mu tsanantawa. Ɗan fari namiji sunan uban miji. Na biyu sunan uban mata. 'Yar fari sunan uwar mata. Ta biyu sunan uwar miji. Kai ma Kabiru da ka sa wa ɗanka sunan mahaifinka kuke kiran sa Abba, abin da kuka yi ke nan, sai dai su ba su da alkunya, gatsau suke kiran sunan. Matar Michael a Philadelphia aka haife ta, takardunta ba wuya. Na duba: ubanta Thomas, uwarta Ellen. Ashe gidan sun bi tsarin sau da ƙafa. Ke nan uban Michael John ne, uwarsa Honora.

Michael ɗin Greg kuwa, iyayensa Patrick da Mary.

Na rubuta wa cocin da aka ɗaura auren Michael a Philadelphia. Bayan kwana goma suka aiko da hoton shafin. Ba a rubuta iyaye ba, amma an rubuta shaidu, ɗaya daga ciki Bridget Hanlon. Ita ce kuma ta tsaya wa ɗansa na fari wurin baftisma. Na yi mata kati na rubuta da fensir: wataƙila ƙanwa.

Daga nan aikin jaki ne. Na ware yankunan da ba su taɓa teku ba, na shiga littattafan cocinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman John Hanlon da ya auri Honora. Yanzu hotunan littattafan na kan intanet, na yarda, ba sai an murɗa inji ba. Amma intanet ba ta karanta maka shafin da ruwa ya jiƙa, ko wanda fada ya rubuta yana sauri zai tafi cin abinci. Mako uku ina wannan. Na sami ma'aurata uku masu waɗannan sunaye. Ɗaya kaɗai ke da Michael da Bridget a cikin 'ya'yansu, da wani wansu Martin, a wani ɗan ƙauye a yankin Roscommon, tsakiyar ƙasa, inda ruwan da ya fi girma tafki ne.

Saura kwana goma sha biyu tafiya na koma Irving Park da katunana. Greg na nan, ya buɗe kwamfutarsa a teburin cin abinci. Mutumin kirki ne, injiniya, irin masu son lamba ta hau kan lamba. A kujerar gefensa akwai kwali cike da korayen riguna, an buga wa kowacce sunan ƙauyen masuntan nan a ƙirji.

Ya karanta takarduna a nutse, sannan ya ce, "Mista Isuhu, ba raini ba, amma naka ya girmi na dutsen kabari da shekara huɗu. Nawa kuwa ko kwana ɗaya bai kuskure ba."

Na ce haka ne.

"Sannan dubi nan." Ya jera takardu biyu. "Littafin coci ya ce an yi masa baftisma a Fabrairu. Takardar gwamnati ta ce an haife shi a Mayu. Wato an yi wa yaro baftisma wata uku kafin a haife shi. Ni na ga wannan tun farko, na watsar. Takardar da ta yi ƙarya a wuri ɗaya, ta yaya zan yarda da ita a wani wurin?"

Matarsa ta ce, "Greg, bar shi ya yi magana mana."

"Ina bari. Tambaya na yi."

Na ciro walat ɗina. Ina yawo da kwafin tsohuwar takardar haihuwata, ta yi laushi kamar tsumma. Na shimfiɗa ta kusa da nasa na nuna masa né vers, na fassara masa. Na ciro lasin tuƙina na nuna masa ɗaya ga Janairu. Na ce duka biyun hukuma ce ta buga musu hatimi, kuma ba wadda uwata za ta gane.

Sannan na ba su labarin yadda abin yake faruwa, don ni ma na taɓa zama a kujerar magatakarda. A Ireland ta wancan zamani, jariri na faɗowa ake garzayawa da shi coci cikin 'yan kwanaki, don suna tsoron ya mutu ba baftisma. Kamar yadda mu ba ma ɗaga suna daga kwana bakwai. Amma ofishin gwamnati na gari mai nisa, ga sanyi, ga taɓo, ga aikin gona. Uba ba zai je ba sai ranar da wata buƙata ta kai shi kasuwa. Doka kuwa ta yanka wa'adi, wanda ya wuce shi sai tara. To mutum ya tsaya gaban magatakarda, an tambaye shi yaushe aka haihu, me zai ce?

Madam Peggy ta ce, "Makon jiya."

Na ce, "Ranki ya daɗe, kin iya aikin." Magatakardan ma ya sani. Yana ganin mutumin, ya san yaron ya fara zama. Sai ya dubi alƙalaminsa ya rubuta. Ni ma na sha dubar alƙalamina.

Greg ya ce, "To shekara huɗun fa? Da ranar da ke kan dutse?"

Na ce shekarun ba abin mamaki ba ne. Wanda ba a taɓa yi wa bikin ranar haihuwa ba, ya zo ƙasar da kowane mai ɗaukar aiki ke son matashi, ba zai ƙara wa kansa shekaru ba. Ranar ce ban sani ba. Na juya wajen Madam Peggy na tambaye ta ko ana yi wa kakanta wani biki.

Ta ɗan yi tunani. "Ƙarshen Satumba. Kakata takan gasa dinya, babbar agwagwar nan. Amma ba ta cewa ranar haihuwarsa, cewa take ranar waliyyinsa." Sai ta dubi lasin tuƙina da ke kan tebur. "Ranar Waliyyi Michael ce, ita ce a kan dutsen. Ita ya ba su."

Na ce ita ce ɗaya ga Janairunsa. Yaron masunta kuwa da gaske a ranar aka haife shi, shi ya sa ma aka sa masa Michael. Greg bai yi kuskuren lissafi ba. Ya samo mutumin da ya dace da dutse.

Greg ya dubi kwalin riguna. "Kana da tabbaci ɗari bisa ɗari?"

Na ce ba ni da shi. Tun aikin Sedgefield na daina sayar da wannan. Ina da sunayen iyaye, ina da ƙanwa, ina da ƙauyen da ba teku. Takarda ta kai mu bakin ƙofa, sauran sai an ƙwanƙwasa. Tafiyar kuma ɗaya ce, mai ita ce za ta zaɓa.

Madam Peggy ta ce, "Za mu kwana biyu a otal ɗin Greg, tunda yana son teku. Daga nan mu tafi wurin tafki." Ta juyo. "Mista Isuhu, kai yaushe aka haife ka? Ba na takarda ba."

Na ce uwata ta ce lokacin da gero ya fara fitar da kai.

"Wane wata ke nan?"

"Ya danganta da ruwan shekarar, Madam."

Ban bi su ba. Abin da ya faru 'yarta ce ta ba ni labari, Greg kuma ya nuna mini a waya. Sun isa ƙauyen da hantsi, gidaje ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Suka tarar da wata dattijuwa tana shanya, suka ce suna neman gidan Hanlon. Ta ce wanne, na kan tudu ko na bakin gada? Madam Peggy ta ce na John da Honora. Matar ta sauke kwandonta ta ce, "Na kan tudu ke nan. Mijina jikan Martin ne."

Ta kai su wani kango mai bango huɗu ba rufi, an jingina tsohuwar ƙofar ƙarfe a bakinsa don kada shanu su shiga. Greg dai an ga yana duba wayarsa, don kango dai kango ne, kowane Hanlon na iya barin irinsa. Suka koma gidan matar shan shayi. Tana cikin yanka burodi ta ce akwai wasu tarkace da surukarta ta bari, waɗanda 'yan Amurka suka riƙa aikowa a da, ba wanda ya san ko su wane ne a ciki. Ta jawo aljihun kabad ta zube su a tebur. A cikinsu akwai hoton wani yaro da farin kwat da kyandir a hannu. A bayansa an rubuta da fensir: John, ɗan Michael na fari, daga Bridget.

Jikokin ne suka fara ganewa, don sun girma suna ganin sa a kan fiyano.

Suka sake hawa tudun, aka janye ƙofar ƙarfen, Madam Peggy ta tsaya a kan dutsen dokin ƙofa riƙe da hoton. A bidiyon ana jin ta tana cewa a ɗauka da sauri, takalminta na nutsewa a kashin shanu. Dukansu sanye da korayen rigunan nan masu sunan ƙauyen da ba nasu ba, don Greg ya ce an riga an buga, sai an sa.

Da suka dawo ta tambaye ni ko ta sa a gyara ranar da ke kan dutsen kabarin. Na ce ni dai aikina nemowa ne. Ta ce za ta bar masa, shi ya zaɓi abarsa.

Kabiru, kafin in manta: ka juya hotunan yaron nan ka rubuta sunansa na yanka a baya, da fensir. Nan da shekara ɗari wani zai zo neman Abba a takardun Greensboro, ba zai same shi ba.

Madam Peggy na nan da ranta, ba ta ƙara hawa jirgi ba. Tun daga shekarar nan take aiko mini da katin murnar ranar haihuwa, ba a Janairu ba. Wata shekara ya zo a Agusta, wata a Satumba. Bana ya zo da wuri har na yi zaton tsufa ya sa ta rikice. Na buga waya gida, ƙanena ya ce ruwa ya sauka da wuri, gero ya riga ya fitar da kai. Na kira ta na ce yaya aka yi ta sani. Ta ce Greg ne ke duba mata ruwan saman Damagaram a wayarsa.

To ga amfanin app ɗinku, ban hana ba.